Sanda ba ta koya wa kare komai sai gudu

A ƙauyukanmu na yankin Bunkure ba wanda ke ajiye kare don ado. Mai kare ko dai ɗan farauta ne, ko mai garken awaki da tumaki, ko kuma irina, mai noman rani da ke barin injin ban ruwa da tiyo a bakin kanal ya tafi gida ya kwana. Tun da ruwan Tiga ya mai da wannan yanki wurin tumatir da shinkafa da alkama, abin ɗauka ya yawaita a gona, shi ya sa duk inda ka ga bukka sai ka ga kare kwance a gindinta. Addini ma bai hana wannan ba, tunda hadisi ya ware karen farauta da na kiwo da na gona daga hanin ajiye kare. Inda muke da gyara shi ne mun san amfanin kare, amma horar da shi ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. A ɗauko kwikwiyo a kwali, a riƙa jefa masa ƙanzo, ya tashi yadda ya ga dama. Ranar da ya kayar da ɗan acaɓa ko ya farke cinyar ɗan akuyar maƙwabci, sai kowa ya ce ai dama kare ba abin arziki ba ne. Daga nan sai duka, in duka bai yi ba a sayar wa masu lodin karnuka zuwa Filato, a sake ɗauko wani kwikwiyon a maimaita.

Nawa karen sunansa Duna, baƙi ne wuluk da ɗan fari a ƙirji, irin karnukanmu na gida masu shafaffen ciki da doguwar ƙafa. A majalisa bayan la'asar ana yawan tambayata, "Malam, wai me kake ba karen nan ne yake jin magana haka?" Wasu zatonsu laƙani gare ni. Abin da ke aljihuna ƙuli-ƙuli ne marar yaji, na farfasa shi ƙanana kamar ƙwayar wake. Sauran duk sanin lokaci ne.

Kare ba ya haɗa jiya da yau, bai ma haɗa ɗazu da yanzu. Duk abin da ya same shi, daɗi ko wuya, yana danganta shi da abin da yake yi a daidai wannan lokacin, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. To dubi yadda muke yi. Mutum ya kai tumatir Kwanar Gafan, ya dawo da yamma a gajiye, kasuwa ma ba ta yi daɗi ba, a tare shi da labarin kare ya kashe ɗan tsako tun da hantsi. Ya ɗauko gora ya ɓoye a baya, ya kira karen da sunansa, kare ya taho yana kaɗa bindi, ya rufe shi da duka. A lissafin maigida ya hukunta kisan ɗan tsako. A lissafin kare kuwa an kira shi, ya amsa, an dake shi. Gobe ka kira shi ya tsaya daga nesa yana kallonka, ka ce ya fara taurin kai, alhali darasin da ka ba shi ne ya haddace. Kajin kuma suna nan cikin haɗarinsu, don ba abin da ya haɗa su da dukan a kansa.

Za a ce, ai ya san laifinsa, ba ka ga yadda ya sunkuyar da kai ya cusa bindi tsakanin ƙafafu ba? Wata mai binciken halayyar karnuka a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan a 2009. Aka hana karnuka cin wani abinci, masu su suka fita daga ɗakin, da suka dawo aka gaya wa wasu cewa karensu ya ci alhali bai ci ba. Karnukan da aka yi wa faɗa su suka fi nuna wannan fuskar ta mai laifi, ko sun ci ko ba su ci ba. Ashe tsoron muryarka da yanayin fuskarka ne, ba nadama ba.

Wanda ya fara nuna mini hanya wani dattijon maharbi ne a garinmu, duk Baba muke ce masa. Bai taɓa jin sunan wata Baturiya mai bincike ba, amma ka tsaya ka ga yadda yake da karnukansa in an dawo daga farauta. Zai fede zomo, ya cire kayan ciki, ya kira karen da ya kamo shi, shi kaɗai, ya ba shi a hannu sauran suna kallo. Wanda ya yi wuf zai warta, Baba ba ya ko ɗaga murya, sai ya dunƙule hannu ya kau da kai har karen ya koma ya zauna. Na ce, "Baba, ban taɓa ganin ka ɗaga musu sanda ba." Ya ce, "Ɗana, kare cikinsa ne kunnensa. Wanda ka daka a gida, a daji shi zai bar ka." Malaman fiƙihu ma da suke bayanin horarren kare, wanda aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da ya kamo, alamar da suka kawo ita ce in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Tafiyar kowane kare ya iya ta tun daga cikin uwarsa. Tsayawar ce aikin mai shi.

A bidiyon da ke yawo a Facebook za ka ga Turawa sun fita da kare a igiya safe da yamma, yawon shan iska. Mu namu yawon shi ne hanyar gida zuwa gona, kuma ta fi tasu jarrabawa: ka wuce makarantar allo, ka wuce mata da yara a bakin burtsatse, ka tsallaka titi, ka bi ta burtali inda shanun Fulani ke wucewa. Har sai na tabbatar kare yana dawowa in na kira shi, ba na sakinsa a wannan hanya. Igiyar kuma ba zarge ake yi mata a wuyansa ba, don in ya ja sai ta shaƙe shi, ya firgita ya ƙara ja. Tsohon bel na yanka na yi masa abin wuya, yadda yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da fata, na ɗaura igiyar a jiki.

Jan igiya maganinsa haƙuri ne mai ban haushi. Kare na ja ne saboda jan yana kai shi inda yake so. Don haka da zarar igiya ta miƙe sai in tsaya cak. Ba na finciko shi, ba na magana. Zai ja, ya ga ba a tafiya, ya waiwayo. Waiwayen nan da ya sa igiya ta saki, shi nake jira: in ce "yauwa", mu ci gaba. In ya dage sai in juya mu koma baya, ya biyo ni, sannan mu sake juyowa. A farkon lamarin tafiyar da ba ta wuce ta shan shayi ba sai ta cinye mana hantsi, mutane a kan kekuna suna wucewa suna cewa Malam ya samu sabon aiki. Abin da ke ɓata wannan horon shi ne yau ka tsaya, gobe kana sauri ka bar shi ya ja ka. Sai ya koyi cewa in ya dage wani lokacin ana dacewa, kuma ba abin da ya kai wannan wuyar cirewa. In ina sauri gara in bar shi a gida.

Bin babur ya fi komai haɗari, don a nan ake karya ƙafar mutum. Ka duba abin ta idon karen: ga wani abu mai ƙara ya taho, na yi masa haushi na bi shi, ya gudu. Kullum haka, bai taɓa faɗuwa wannan jarrabawar ba, don babur dama wucewa zai yi. Shi ya sa halin ke daɗa ƙarfi ko ba wanda ya koya masa. Yadda na yi da Duna shi ne na roƙi ɗan yayana mai babur ya riƙa zuwa filin makarantar firamare da yamma bayan an tashi. Ni da kare muna can gefe guda, nesa yadda zai ga babur ɗin amma hankalinsa bai tashi ba. Yaron ya wuce a hankali. Ni kuwa idona na kan karen, ba kan babur ba, domin kafin kare ya zabura akwai abin da jikinsa ke yi: baki ya rufe, kunnuwa su miƙe gaba, wuya ya sandare, numfashi ya ɗan tsaya. Wannan ɗan tsakanin shi ne damarka. A nan nake kiran sunansa sau ɗaya. In ya juyo ya dube ni, ƙuli-ƙuli na bakinsa kafin ya sake tunani. In bai juyo ba, to mun matso da yawa, sai mu ƙara ja da baya. Sannu a hankali muka riƙa rage tazarar, yaron yana ƙara wuta, har ya kai ga yin hon. Yanzu in Duna ya ji ƙarar babur, ni yake waiwaya. Ba kullum nake ba shi wani abu ba, wani lokacin shafa kai ne kawai, amma ban daina gaba ɗaya ba.

Awaki da tumaki ma haka ne, sai dai wanda ya samu kwikwiyo ƙarami ya huta da rabin wahalar. Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ko 14 na rayuwarsa, duk abin da kwikwiyo ya saba gani cikin kwanciyar hankali yakan ɗauke shi a matsayin ɗan gida. Shi ya sa karen Bafulatani ke kwana tsakiyar maruƙa ba ya taɓa su. A waɗannan makonnin ya kamata ya ga kaji da zabi da 'yan awaki, ya ga yara, ya ga mai rawani da mai lulluɓi, ya ji ƙarar injin niƙa. Wanda aka kulle a kango sai da ya girma, komai baƙo ne a wurinsa, kuma kare mai tsoro ya fi kare mai faɗa saurin cizo. Babban karen da ya riga ya ɗanɗana kisan ɗan akuya kuwa, gaskiya ban yarda a sake shi cikin dabbobi ba ko ya nuna ya shiryu. Igiya ta fi biyan diyya araha.

Wani abu da ake mantawa: a bar shi ya shinshina. Kare da hanci yake karanta hanya, kuma wanda aka bari ya sunsuna gindin bishiya da bakin kwalbati yana komawa gida a natse. Sai dai a watannin Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, tafiyar ta zama da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, kuma yashin da kai ba za ka iya takawa ba takalmi ba, shi ma yana ƙona masa tafin ƙafa.

A gida kuwa, matsalar ba ta karen ba ce, ta mutanen gida ce. Dokata ita ce Duna ba ya wuce zaure. Yana da rumfarsa a waje gefen turken awaki, da kaskon abincinsa da na ruwansa da ba wanda ke taɓawa. Dalilin kowa ya sani: tsakar gida akwai randa da buta da kwanuka da tabarmar sallah, kuma hadisi ya ce in kare ya yi lallage a ƙwarya a wanke ta sau 7. Ko da yake a mazhabarmu ta Malikiyya ba a ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, ba wanda ke son ya tarar da shi da kai cikin tukunya. To ni ina hana shi shiga, ashe Inna in ta kankare tukunyar tuwo sai ta leƙo ta jefa masa ƙanzo daga bakin madafa, wai tausayi yake ba ta. Kare kuwa ba ya manta inda abinci ya taɓa faɗowa. Da na gane, sai na je na durƙusa na ce, "Inna, ladan nan ba zan hana ki shi ba, amma don Allah ki ba yara su kai masa kaskonsa." Ta ce, "To, ai kai da karen nan naka sai ka ce ɗan fari." Amma ta yarda, kuma daga ranar ya rage leƙe. Kalmomin ma sai da muka daidaita da yara. Ba zai yiwu ni in ce "zauna", wannan ya ce "kwanta", wancan ya ce "kai, tafi can" duk a kan abu ɗaya ba. Huɗu muka tsayar: zo, zauna, bari, tafi. Kowacce sau ɗaya ake faɗinta. Mai maimaita "zo, zo, zo" yana koya wa kare ne cewa ta farko da ta biyu ba su da muhimmanci.

Tsalle a jikin mutum da ƙafafu duk taɓo, musamman ranar Juma'a ka sha farar shadda, murna ce ke sa shi. In ka ture shi da hannu kana faɗa, a wurinsa wasa ya fara. Juya masa baya ka naɗe hannu, sai ƙafafunsa huɗu sun taɓa ƙasa sannan ka kula shi. Tauna takalma da tiyo kuma yawanci na kwikwiyo ne mai famfara, tsakanin wata 4 zuwa 6. A ba shi babban ɗanyen ƙashin sa daga mahauta, a ɗauke takalman daga gabansa, zai wuce. Ƙashin kaza dafaffe dai kada a ba shi, tsagewa yake ya soke shi a ciki. Haka albasa mai yawa a ragowar miya tana lalata masa jini, goro da cakulan kuma guba ne a gare shi, a gaya wa yara.

Shan ƙwai ne ya fi haɗa kare faɗa da matan gida. Na san masu dafa ƙwai su tura masa a baki da zafinsa wai ya tuba. Zalunci ne, kuma abin da yake koya shi ne gudun hannun mutum. Karen da ke wuni da yunwa ga kaza ta yi ƙwai a fili bayan rumbu, me ake so ya yi? A ƙosar da shi, a gyara ƙofar akurki, a riƙa kwashe ƙwan zabi da wuri. Halin da bai samu damar maimaituwa ba yakan mutu da kansa. Irin wannan ra'ayin nake da shi kan masu zuba wa kwikwiyo barkono a abinci ko su riƙa tsokanarsa a ɗaure don ya yi zafin rai. Ba mai gadi suke haɗawa ba, abin da zai ciji ɗansu suke haɗawa.

Haushin dare ba na son a kashe shi, don shi ne aikin da na ɗauke shi. Abin da nake so shi ne in ya sanar da ni ya yi shiru. In ka zauna da kare za ka rarrabe muryoyinsa: akwai haushi mai kauri a jere na ganin mutum, akwai na amsa wa karnukan unguwa, akwai kuma wani siriri mai kama da kuka na karen da ya gaji da ɗauri. Na farkon ina fitowa da tocila in duba, in ce "ya isa", in ya yi shiru in yaba masa. In ka tsaya daga ɗaki kana ƙwala masa tsawa, shi gani yake ka taya shi. Na ƙarshen kuwa ba shi da magani sai a kwance shi ya motsa jiki. Karen da ke wuni ya kwana a sarƙa mai taku biyu, cikin rana, ba ruwa, dole ya hana unguwa barci.

Yara su ne sauran rabin aikin. Jifan kare ya zama wasa a garuruwanmu, kuma karen da aka saba jifa duk yaron da ya sunkuya ɗaukar wani abu abokin gaba ne a wurinsa. Na sha tsayawa a bakin makarantar allo in roƙi alaramma ya ja musu kunne. Nawa yaran kuma sun san ba a taɓa kare yana cin abinci ko yana barci, ba a zuwa kusa da karya mai shayarwa, kuma in baƙon kare ya taso ba a gudu, a tsaya cak a kau da ido. In kare ya yi gurnani kada a dake shi a kan gurnanin. Gargaɗi ne yake bayarwa, in ka hana shi gargaɗi wata rana cizon zai zo ba sallama.

Akwai canjin halin da ba na horo ba ne. Kare mai sanyi ya wayi gari yana faɗa, a fara duba jikinsa: kaska cikin kunne, ƙaya a tafin ƙafa, ciwon haƙori, duk suna sa shi. Amma in ya fara cizon duk abin da ya gani har ice da ƙasa, yawu na dalala, muryarsa ta sauya, ko muƙamuƙinsa ya saki, wannan alamun ciwon haukan kare ne, a killace shi ba tare da an taɓa shi ba, a kira malamin dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 su ne kusan kashi 40 cikin 100. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira. Rigakafin kare ana fara shi daga wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma a nan ƙasar ma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana haɗa allurar. Wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, akan samu wuraren da ake yi kyauta, sai a sa kunne. In cizo ya auku, a bar neman gashin karen a ɗora a ciwo. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti a ranar. Karen kuma in da hali kada a yi gaggawar kashe shi, a ɗaure shi a lura da shi kwana 10, don yadda ya kasance a kwanakin nan zai taimaka wa likita. Katin allurar Duna yana cikin leda ɗaya da takardun gonata.

Ba kowane hali ne ke fita ba, wannan ma a sani. Karen da ya taɓa cizon yaro da gaske, ƙuli-ƙuli ba zai sa in amince masa ba, wurinsa gona mai shinge da dare, da rana kuma ɗauri a inuwa. Shi kansa Duna har yau bai shirya da raƙuma ba. Da rani in masu raƙuma suka ratso ta burtali, tun daga nesa gashin bayansa ke tashi, kuma ba ni da raƙumin da zan aro mu yi atisaye a filin makaranta. In na hango su sai in sa masa igiya, mu ratse cikin gona mu ba su hanya har su wuce.